Ɗakin da Ya Cika Kafin Baƙi Su Zo

Akwai wani manomi a wani ƙauye, sunansa Nomau. Gidansa yana can bakin gari, inda hanyar gonaki ta fara. Ɗaki ɗaya ne da rumbu da dangar kara. Ba shi da wadata, amma ba rago ba ne, kuma ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Aibinsa guda ne: ba ya jure a yi da shi. Ya gwammace ya wuni da yunwa da a ce wani ya ji ƙugin cikinsa.

Da lokacin aurensa ya yi, sai ya ga wata budurwa a wani gari mai nisa, sunanta Zilfa, ya ƙaunace ta, ita ma ta ƙaunace shi. Zilfa marainiya ce. Uwa da uba sun rasu tun tana ƙarama, ta tashi a hannun wani kawunta wanda shi ma bakunan gidansa sun fi ƙarfin rumbunsa.

To, kun san al'adarmu. Namiji ya gina ɗaki, iyayen mace su cika shi. Gado da katifa, kwanuka da tukwane, turmi da taɓarya, har ludayi da mara, duk daga gidan amarya suke fitowa. Zilfa kuwa da aka kawo ta, abin da ya biyo ta shi ne akwatin ƙarfe, da tabarma, da 'yar tukunya, da kwanon sha biyu. Matan da suka rako ta ba su daɗe ba suka juya, gama jeren da za su yi bai kai a zauna a yi shi ba.

Zilfa ba ta damu ba. Ta zagaya ɗakin da ido, ta shafa bangon da mijinta ya yaɓe da hannunsa, ta ce, "Maigida, ɗakin nan ya yi. Ka saro mini kara mu ɗaura gado. Ni na iya saƙar faifai da tabarma. In gyaɗa ta nuna mu sa a sassaƙa mana turmi, in an yanke dawa mu sayi tukunyar tuwo. Kafin nan sai in riƙa ara a maƙwabta, ai haka ake zama. Sannu ba ta hana zuwa."

Magana ce mai kyau, Nomau ma ya san haka. Amma hankalinsa yana wani wuri. A garin nan, in amarya ta ɗan kwana biyu ta huta, matan gari sukan taru su zo ganin ɗaki. Nomau ya sha jin yadda ake ba da labarin ɗakin amarya a bakin rijiya, a ce wance ta zo da kaza, wance kuwa sai dai a yi shiru. Da ya tuna za a tsaya a tsakiyar ɗakin nan a dubi bango huɗu, sa'an nan a dubi matarsa, a ce ai marainiya ce, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Yana ƙaunarta ƙwarai, kuma ba ya so a fara saninta da abin da ta rasa.

Nomau yana da yaya mace wadda take auren wani ɗan kasuwa a babban gari. Ya tashi ya tafi wurinta, ya faɗa mata damuwarsa. Ta ji tausayin ƙanenta, ta ce, "Ɗauki abin da kake so. Ka dai dawo mini da su lafiya da an gama gani, gama maigidana ba ya son ganin gurbi a ɗaki."

Ya jira ranar kasuwa, sa'ad da mutane sukan tafi cin kasuwa, ba kowa a gida sai kaji da tsofaffin da ba sa fita, ya shigo da amalanken shanu ta bayan gari. Aka sauke gadon ƙarfe mai rumfa, da kabad cike da kwanukan samira masu ƙyalli, da madubi, da sabon turmi wanda ko ƙwayar hatsi bai taɓa gani ba, da rariya, da daro, da wata babbar tukunyar ƙarfe irin wadda ake dafa wa taron biki abinci. Da ɗan abin da ya rage masa bayan hidimar aure kuwa, bai sayi muciya ba, bai sayi ludayi ba. Labule ya saya, mai kauri, ya rataya a ƙofa.

Zilfa tana tsaye tana kallo. Da aka gama jere ta ce, "Maigida, in baƙin sun tafi, kayan za su zauna?"

Ya ce, "A'a, za a mayar wa Yaya abinta."

Ta ce, "To, idon da ya gani fa? Shi ma za a mayar?"

Nomau ya yi dariya don ya kashe maganar. Ya ce, "Ke dai ki rufa mini asiri. Ba don kaina na yi ba, don ke na yi." Gaskiya ya faɗa, don ita ya yi. Ita ma ta ga haka a fuskarsa, shi ya sa ta ce masa to, kuma Zilfa ba ta cewa to ta sāke.

Ranar ganin ɗaki mata suka zo. Wadda take gabansu wata tsohuwa ce, Iya Damaris, uwar zumuntar matan garin, wadda kusan rabin mutanen ƙauyen a hannunta aka haife su. Sun shigo tsakar gida da hira da dariya, amma da aka ɗaga labule suka shiga ɗaki, sai hirar ta mutu. Iya Damaris ta dubi kabad, ta dubi gado, ta daɗe tana duban turmin nan. Sa'an nan ta ce, "Madalla. Ashe 'yar gata aka kawo mana. Allah ya sa albarka." Suka sha ruwa, suka yi gajeriyar addu'a, suka tashi tun ruwan bai gama sauka ba.

Nomau yana laɓe a bayan rumbu, bakinsa har kunne. Ya ce a ransa, "Mamaki ya ɗaure musu baki." Ranar nan ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Da wata ranar kasuwa ta zagayo, amalanke ya dawo ya kwashe kome. Ɗakin ya koma yadda yake, sai dai yanzu ya fi dā zama fayau, gama ido ya riga ya saba da cika. Nomau ya ɗaura gadon kara, ya ce wa matarsa, "Shi ke nan, mun tsallake." Bai san yanzu ne aka fara ba.

A ƙauye ba wanda yake da kome da kome. Wannan tana da rariya, waccan tana da daro, wata tana da turmi mai kyau, kaya suna yawo daga gida zuwa gida, kuma da haka zumunci yake tafiya. Amarya mai kaya kuwa, kowa ya ga ɗakinta ya riga ya san abin da zai zo nema.

Wata mata ta fara zuwa aron rariya. Zilfa ta fito da sauri ta tare ta a tsakar gida, ta ja labule a bayanta, ta ce, "Wayyo, ki yi haƙuri, ba ta kusa." Wata ta zo neman daro, ta ce mata akwai jiƙo a ciki. Wata ta zo don ta duba ɗaurin ɗankwalinta a madubi kawai, aka shimfiɗa mata tabarma a waje. Yarinyar da ta tashi ba ta iya ƙarya ba, sai ga ta kullum tana ƙirƙiro sabon dalili, kowanne kuwa yana ƙona mata harshe. Kalmar nan da kowace amarya take faɗa da murna, "Shigo daga ciki mana," ba ta ƙara fita daga bakinta ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ita ma hanyar aro ta toshe mata. Yaya za ta shiga gidan wata ta ce a ara mata turmi, alhali gari duka ya ga sabon turminta? Sai ta riƙa niƙa dawa a kan dutse ba surfe, tuwon ya fito baƙi, dusa tana shaƙe maƙogwaro. Nomau yakan haɗiye ya kora da ruwa, ba ya cewa kome, gama ya san wanda ya jawo.

Da gyaɗa ta nuna, ya sayar da kaɗan, ya nufi wurin masassaƙin garin don ya cika shirin da matarsa ta tsara tun farko. Yana buɗe baki masassaƙin ya ce, "Turmi kuma? Kai Nomau, biyu za ku ajiye? Ai uwargidana ta ce na amaryarka ya fi duk wanda na taɓa sassaƙawa." Nomau ya yi yaƙe, ya ce wasa yake yi, ya juya. A kan hanya ya gane cewa ko muciya ba zai iya saya a kasuwar garinsu ba sai an tambaye shi ina ta ɗakin. Garin neman gira yana shirin rasa ido.

Sannu a hankali suna ya fita. Ba a ce Zilfa marainiya ba, wannan kam Nomau ya yi nasara. Abin da aka ce shi ne marowaciya. Aka ce tana ji da kayanta, tana ganin hannun 'yan ƙauye zai ɓata mata samira. In ta iso bakin rijiya sai hira ta canja. In ta shiga coci sujada, bencin mata yakan cika ba zato, ba mai matsawa.

Mutum ɗaya ce ba ta juya mata baya ba, maƙwabciyarsu Marsa, mace mai faɗa da baki amma mai farar zuciya. Ita ta nuna wa Zilfa rijiyar da ruwanta ba gishiri, ita ta nuna mata inda ake samun itace. In mata suka fara, Marsa takan ce, "Ku bar yarinyar nan, baƙunta ce. In ta saba za ta sake."

Ana nan sai mijin Marsa ya kira gayyar yankan dawa. Ana gobe gayya Marsa ta shigo da sallama. Nomau yana zaune a gindin rumbu yana gyara ƙotar lauje, yana jin kome.

Marsa ta ce, "Amarya, gobe gayyar maigidana, mutane da yawa za su zo, tukwanena kuwa ƙanana ne. Ara mini babbar nan taki. Da yamma zan wanke ta in kawo miki da kaina."

Zilfa ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya Marsa, ki gafarce ni. Ba zai yiwu ba."

"Ta huje ne?"

"A'a."

"Wata ta riga ni?"

"A'a."

"To, mene ne?"

 Dalilai sun ƙare wa Zilfa, kuma ba ta iya yi wa Marsa ƙarya ba. Ta ɗan waiga wajen rumbu, sau ɗaya kawai. Kalma guda daga bakin Nomau da ta kwance ta, amma sai ya ƙara sunkuyawa a kan laujensa kamar bai ji ba.

Marsa ta gyara zanenta. Ta ce, "Tukunya fa na roƙa, Zilfa, ba ɗa ba. Ni da nake tare miki faɗa a bakin rijiya. Ashe su suka fi ni gani." Ta fita ba sallama.

Kashegari Nomau ya je gayya tare da sauran maza. Aka yi aiki har rana ta take, abinci bai zo ba, gama ana ta dafawa a ƙananan tukwane, a sauke wannan a ɗora wancan. Yunwa ta fara sa mutane surutu. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Da amaryar Nomau ta ji tausayinmu, ai da tuni mun wanke hannu!" Aka bushe da dariya. Nomau ma ya buɗe haƙora, amma bai san abin da fuskarsa take yi ba.

Daga inda yake yana hango gindin itacen da mata suke girki. Ya ga Zilfa ta zo taimako, kamar yadda kowace maƙwabciya takan zo. Ta gaishe su, aka amsa a daƙile. Ta tsaya tana jira a ba ta aiki, ba wadda ta ba ta. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kwano ta wanke, wata ta janye kwanon ta ce, "Bari, kada ki ɓata hannunki." Ta ɗan ƙara tsayawa, sa'an nan ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai. Nomau ya bi ta da ido har dawa ta rufe ta. Da abincin ya zo, ya kasa ci.

Ya koma gida da la'asar ya same ta zaune a ƙasa a tsakiyar ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa. Ya tsuguna kusa da ita. Ita ce ta yi magana, ba da faɗa ba, a hankali.

Ta ce, "Maigida, talauci ban taɓa jin kunyarsa ba, a cikinsa na tashi. Maraici kuwa ba ni na zaɓa ba, kowa ya kira ni da shi zan amsa. Amma abu ɗaya nake tunawa game da uwata: ba a taɓa shiga gidanta an fita hannu wofi ba. Yau 'yarta ce ake kira marowaciya. Na yi maka alkawari, ba zan karya ba. Ina so dai ka san abin da nake ɗauke da shi."

Maganar nan ta huda Nomau. Ya ga abin da ya yi sarai: ya so ya rufa mata asiri, ya ƙare ita take rufa nasa, kuma da sunanta take biya. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, wadda ta fi ta bakin rijiya nesa ba kusa ba. Ya fita ya zauna a gindin rumbu ya yi kuka, shi da ko a jana'izar ubansa ya daure.

Da gari ya waye ya tafi gidan Iya Damaris. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ina roƙonki ki zo gidana, akwai abin da zan nuna miki. Ki kira Marsa ku zo tare." Tsohuwar ta dube shi, ba ta tambaye shi kome ba, ta ɗauki sandarta.

Da suka iso, Zilfa ta fito da sauri za ta tare su a waje kamar kullum. Nomau ya ce, "Bari, Zilfa." Ya sa hannu ya ciro labulen nan gaba ɗaya daga ƙofa, ya naɗe shi a hammata. Hasken safiya ya shiga ɗakin. Ga gadon kara, ga tabarma, ga akwati, ga 'yar tukunya da kwano biyu. Ba wani abu kuma.

Ya ce, "Iya, duk abin da kuka gani ran nan na yayata ne, aro na yi. Matata ta hana ni, ban ji ba. Ba ta da tukunyar da za ta hana Marsa. Ba ta da rariya, ba ta da turmi. Laifin nawa ne, ku ɗora mini."

Marsa ta kama baki. Ta dubi Zilfa ta ce, "Ke kuwa me ya hana ki faɗa mini?"

Iya Damaris ce ta amsa mata. Ta ce, "Asirin mijinta ta rufa." Sa'an nan ta shiga ɗakin a hankali, ta jingina sandarta, ta zauna a kan tabarmar, ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla.

Ta ce, "Ɗan nan, ka san abin da ka yi kuwa? Kai namiji ne, ba ka san sha'aninmu ba. Tun kafin a kawo yarinyar nan muka ji ba ta da uwa. A garin nan kuwa, tun zamanin iyayenmu, in aka kawo amaryar da ba ta da uwa, mu ne uwarta. Kowace mace takan shiga ɗakinta ta zaro abu ɗaya. Ba ma shela, don kada a kunyata amarya. Ran nan da muka zo, ba hannu wofi muka zo ba. Randa, da tukunyar tuwo, da kujera, da akushi, da ƙore, da turmina wanda aka kawo ni da shi, duk muka sauke su a bayan dangarka, muka ce bari mu shiga mu gaisa tukuna mu ga inda za a sa kowanne. Muka shiga muka ga samira tana ƙyalli. Na dubi sabon turmin nan, na tuna nawa da ya tsufa har bakinsa ya cinye. Kunya ta kama mu. Muka fita muka ɗauki kayanmu muka bi bayan gari kamar ɓarayi, kada a ga abin da muka kawo wa 'yar masu arziki. Mun zo da hannu cike, Nomau, muka rasa inda za mu ajiye."

Nomau ya tsaya da labule a hammata, ya kasa ɗaga kai. Zilfa kuwa ta durƙusa ta kifa fuskarta a cinyar tsohuwar, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Marsa ma ta zube kusa da ita tana cewa, "Ki yafe mini, ƙanwata, ki yafe mini."

Iya Damaris ta shafa kan Zilfa ta ce, "Ya isa. Tashi ki share ɗakinki. Gobe za mu zo ganin ɗaki, gama wancan da muka gani na yayarsa ne. Naki ba mu gani ba tukuna."

Suka zo kuwa. Ba duk kayan suka dawo ba, gama an riga an kai randar da kujerar gidan wata amarya, kuma akwai matan da sai da suka ɗan ja rai kafin su huce. Amma abin da aka kawo ya isa a fara zama, sauran kuma Nomau da Zilfa suka riƙa saya ɗaya bayan ɗaya a kasuwar garinsu, da rana tsaka, ba mai tambayarsu dalili.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Ɗakin nan zuciyar mutum ce. Kayan aro kuwa su ne duk abin da muke jerawa a gaban mutane da gaban Allah don a ce ba mu rasa kome ba: addu'a mai tsawo wadda ba daga ciki ta fito ba, da fara'ar ranar Lahadi a kan gidan da ba a yi magana da juna ba tun Laraba, da "lafiya lau" wadda muke amsawa alhali ciki yana ci da wuta. Matan da suka sauke kaya a bayan danga kuwa alherin Allah ne. Ya riga ya san mu marayu ne tun kafin mu buɗe baki. Ya riga ya ɗauro abin da muke bukata, ya iso har ƙofa. Talaucinmu bai taɓa mayar da shi baya ba. Abin da yake mayar da shi shi ne ya tarar mun cika ɗakin da abin da ba namu ba, mun tsaya a ƙofa muna cewa ba ma bukatar kome. Wanda ya ce ya ƙoshi, ba a zuba masa.

Kada kuwa ku yi saurin yi wa Nomau dariya. Ni tausayinsa nake ji. Ba mugu ba ne, ƙauna ce ta sa shi, sai dai ƙaunar ta haɗu da tsoron bakin mutane, tsoron kuwa ya fi ƙarfi. Ku lura kuma da wanda ya biya. Shi ya yi aron, amma matarsa ce aka janye wa kwano. Haka abin yake kullum: in muka rataya labule don mu kare fuskarmu, wani na kusa da mu ne yake tsayawa a ƙofa yana shan rana.

Ku samari da 'yan mata masu shirin aure, da ku da kuka shiga sabon ɗaki bana, ku ji ni da kyau. Ba abin kunya ba ne ku fara da tabarma da tukunya ɗaya. Yawancin iyayen nan da kuke gani da furfura da haka suka fara, ku tambaye su. Ku zauna ku biyu ku shirya abin da za ku saya in gyaɗa ta nuna, da abin da zai jira dawa. Miji, in matarka ta ce maka ɗakin nan ya yi, ka gaskata ta. Abin da kuka saya da guminku, ko muciya ce, za ku iya ara wa maƙwabci, za ku iya cewa kowa ya shigo daga ciki.

Mu kuma da muke zuwa ganin ɗaki, akwai tamu. Me ya sa Nomau ya ji tsoro tun farko? Ai don ya sha jin abin da ake faɗa a bakin rijiya. Hannun matan garin nan mai kyauta ne, amma bakinsu ya riga hannunsu fita, har ɗan garinsu ya san bakin bai san hannun ba. In muna so matasanmu su daina aro, sai mu rage labarin ɗakin wance. In kuma ka ga wani ya tare ka a ƙofa ya hana ka abu, kada ka yi saurin sa masa suna. Mai yiwuwa ba hanawa yake yi ba, babu ce, kuma akwai wanda yake rufa wa asiri.

Yanzu sai kowa ya tambayi kansa, wane labule ne na rataya, kuma wa yake tsaye a gabansa saboda ni? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ciro shi yau da hannunka, tun rana tana sama. Ka ce, "Ya Ubangiji, ga ɗakin, ba kome a ciki, abin da aka gani dā ma ba nawa ba ne." Ba zai yi maka dariya ba. Ya daɗe a bakin ƙofarka da kaya a hannu, wurin ajiyewa kawai yake jira.

Mai kunnen ji, bari ya ji.